Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Yayana, da kai nake. Kai da ka turo bidiyon gangamin masu adawa da baƙi da aka yi a Landan ranar Asabar 13 ga Satumbar 2025 a zaurenmu na WhatsApp, ka rubuta a ƙarƙashinsa wai "jahilan talakawan Turawa ne, a rabu da su." Na so in ba ka amsa a can, sai na ga gara in kawo ta nan kowa ya gani, don ba kai kaɗai ke wannan magana ba, kuma wallahi ta ishe ni.

Ka kalli bidiyon nan har ƙarshe kuwa? Wa ka gani a babban allon da aka kafa yana yi wa mutum sama da 100,000 jawabi? Elon Musk ne, wanda sunansa ke can saman jerin masu kuɗin duniya. Yana zaune a inda ko ƙurar wurin ba ta isa gare shi, yana gaya wa direban bas da mai gyaran famfo cewa tashin hankali na nan tafe, ko su rama ko su mutu, kuma a rushe majalisa. 'Yan sanda 26 suka ji rauni a ranar. Shi ko ƙwarzane bai samu ba. Amma kai duk abin da idonka ya hango shi ne wani mai jar fuska da gwangwanin giya a hannu. An bar jaki ana dukan taiki.

Kun san abin da ya faru a Southport a ƙarshen Yulin 2024, ba sai na tsaya dogon bayani ba. An kashe yara mata uku a ajin rawa, Allah Ya ba iyayensu haƙuri. Kafin gari ya waye an ƙirƙiri suna mai kama da na Larabawa an watsa a intanet, wai Musulmi ne ɗan neman mafaka da ya shigo ta ƙaramin jirgin ruwa. Yaron da ya yi kisan kuwa a Cardiff aka haife shi, iyayensa 'yan Rwanda ne. Washegari da yamma aka far wa masallacin garin da bulo. Daga nan wuta ta kama: Hartlepool, Sunderland, Hull, Liverpool, Middlesbrough, har Belfast. Cikin mako biyu an kama mutum fiye da 1,000, har da yara 'yan shekara 12. Wani mai fenti da ya taimaka aka hura wuta a jikin otal ɗin masu neman mafaka kusa da Rotherham, shekara 9 aka yanke masa, kuma ya cancanta, don akwai mutane a cikin ginin.

To ina waɗanda suka zuga? Tommy Robinson, jigo a cikin masu ƙin baƙi da Musulmi, yana kwance a wani otal na alfarma a Cyprus yana ta aika saƙo. Shafin nasa ma an taɓa rufewa, bayan Musk ya sayi Twitter aka buɗe masa a Nuwamban 2023. Shi kansa Musk ya rubuta a X cewa yaƙin basasa ba makawa, a daidai lokacin da garuruwa ke ci da wuta. Nigel Farage, shugaban jam'iyyar Reform UK, ya fito a bidiyo yana tambayar ko ana ɓoye wa jama'a gaskiya. Wannan Farage ɗin da ke magana da sunan talaka, a Dulwich College ya yi karatu, makarantar kuɗi ta 'ya'yan manya, mahaifinsa dillalin hannun jari ne, shi ma cinikin ƙarafa ya yi a tsakiyar kasuwar kuɗin Landan. A cikinsu wa ya kwana a ofishin 'yan sanda saboda tarzomar nan? Babu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Otal ɗin nan na Rotherham shi ya fi tsaya min a rai. Yankin sunansa Manvers. Mahaƙar kwal ce a da, mai ciyar da dubban gidaje, aka rufe ta a 1988, bayan yajin aikin 1984 da gwamnatin Thatcher ta karya wa ma'aikata ƙashin baya a cikinsa. A shekarar 1988 ɗin dai aka rufe wuraren ƙera jiragen ruwa na ƙarshe a Sunderland. Masana'antar ƙarfe ta Redcar, kusa da Middlesbrough, ta mutu a 2015. A 2008 bankuna suka jefa ƙasar a rami, gwamnati ta zuba kimanin fam biliyan 45 a bankin RBS kaɗai don kada ya durƙushe. Daga 2010 Firaminista Cameron da ministan kuɗinsa Osborne suka ce sai an tsuke bakin aljihu, kuma aljihun wa aka tsuke? Ɗakunan karatu kusan 800 aka rufe cikin shekara goma. Cibiyoyin matasa suka bi. Ƙungiyar Trussell Trust ta raba ƙunshin abincin agaji fiye da miliyan 3 a shekara guda, a ƙasar da ake lissafawa cikin manyan masu arzikin duniya. Ku gaya min, ɗan Sudan ko ɗan Afghanistan da ya iso jiya da leda ɗaya a hannu, shi ya rufe mahaƙar? Shi ya sa hannu a kasafin kuɗin?

Yanzu ku bi kuɗin otal ɗin ku ga inda ya kwana. Ana ta ihu wai ana kashe biliyoyi a kan baƙi. Gaskiya ne ana kashewa. Amma mai neman mafakar da ke cikin otal, abin da ake ba shi a mako a 2025 bai kai fam 10 ba, kuma doka ta hana shi aiki. Kamfanoni uku ke riƙe da kwangilar masaukinsu: Serco, Mears da Clearsprings. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ce kwangilolin da aka yi ƙiyasin fam biliyan 4.5 yanzu za su laƙume fam biliyan 15.3 cikin shekara goma. Mai kamfanin Clearsprings, Graham King, a 2025 jaridar Sunday Times ta sa shi cikin masu fam biliyan ɗaya. Ga talaka a waje da bulo, ga talaka a ciki yana leƙe ta taga jikinsa na rawa, wanda ya ci ribar ginin kuma babu wanda ya san ko hanyar gidansa. Idan wannan bai ba ka haushi ba, Yayana, ban san abin da zai ba ka ba.

Kuma kullum da dare wa ke zuba musu labarin a kunne? Tashar GB News, wadda manyan masu ita su ne Paul Marshall, attajirin da ya yi kuɗinsa a harkar juya hannun jari, da kamfanin Legatum mai mazauni a Dubai. Tashar asara take yi shekara da shekaru, ba su rufe ta ba. Shi Marshall ɗin, wata guda bayan tarzomar, ya ƙara da sayen mujallar Spectator a kan fam miliyan 100. Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi a rijiya don Allah. Abin da yake saya shi ne ya zaɓa wa talaka wanda zai tsana. Matuƙar ana maganar jiragen ruwan 'yan ci-rani daga safe har dare, ba mai lokacin tambayar harajin masu dukiya, ko kuɗin haya, ko me ya sa albashi ya tsaya cak tun 2008.

Na san abin da za ku rubuto. Wani zai ce ina wanke masu wariyar launin fata. Ni? Ni da na kwana uku ban leƙa waje da dare ba? A Middlesbrough tare hanya suka yi suna tambayar direbobi ko su farare ne kafin su bari su wuce. Wanda ya yi wannan mugu ne, talauci bai zama uzurinsa ba, miliyoyi na cikin irin talaucinsa ba su ƙona kowa ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ni a kan daddawar nake magana yau, don ita ce kuka ƙi shinshinawa. Wani kuma zai ce ai ba duk masu kuɗi ba ne, akwai na kirki. To madalla, ina suke? Me suka ce ranar Asabar? Wanda zai ce min Musk 'yancin faɗar albarkacin baki yake karewa, shi kam ba ni da lokacinsa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ba yau aka fara ba. Ranar 20 ga Fabrairun 1933 aka tara manyan masu masana'antun Jamus a gidan Göring, na hannun daman Hitler, a Berlin, har da Gustav Krupp da wakilan IG Farben, Hitler ya yi musu jawabi, suka haɗa masa miliyoyi na yaƙin zaɓen watan Maris. Ranar 2 ga Mayun shekarar aka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago aka rushe su. Abin da suka biya kuɗi dominsa ke nan, kuma sun samu. A nan Ingila, a Janairun 1934, Lord Rothermere mai jaridar Daily Mail ya yi rubutu da sunansa yana jinjina wa 'yan baƙar rigar Oswald Mosley, shugaban masu aƙidar fasist na Birtaniya. Mosley kansa ɗan gidan sarauta ne mai gadon muƙami. Da ya tashi ratsa unguwannin gabashin Landan da mutanensa a Oktoban 1936, wa ya tare shi a titin Cable? Yahudawa teloli da 'yan dakon tashar jiragen ruwa, yawancinsu 'yan asalin Ireland. Talakawa dai, irin waɗanda kake kira jahilai.

A Amurka ma mun gani da idonmu. Bayan magoya bayan Trump sun kutsa majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, manyan kamfanoni suka yi ta fitar da sanarwa cewa sun daina ba 'yan majalisar da suka ƙi amincewa da sakamakon zaɓen 2020 gudummawa. Ba a jima ba da yawansu suka koma a hankali. Ranar 20 ga Janairun 2025, a cikin ginin nan da aka fasa, ga Musk, ga Zuckerberg, ga Bezos a jere wurin rantsar da Trump. Tarzoma ba ta tsorata mai kuɗi sai in ta nufo aljihunsa. Idan ta nufi masallaci ko otal ɗin baƙi, zai jira ya ga wanda zai yi nasara ya je ya gaishe shi.

Bari in gaya muku abin da ya faru da ni, don kada a ce daga jarida nake karantowa. Aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi a wani gari na arewacin Ingila. Ranar Laraba 7 ga Agustan 2024, ranar da aka ce za a kai hari wuraren da ke cikin wani jeri da aka watsa, tun azahar shaguna suka buga katako a tagoginsu. Ina tsaye a ƙofar gida da jakata ina tunanin ko in kira in ce ba ni da lafiya, sai ga hon. Abokiyar aikina ce, Baturiya mai shekara kusan 60, a tsohuwar motarta da madubin gefe ɗaure da salatif. Gidan gwamnati take haya, albashinmu ɗaya, mafi ƙanƙanta da doka ta yarda. Ta ce in shiga, yau ba zan hau bas ba. Mako guda tana ɗaukata tana mayar da ni, na ba ta kuɗin mai ta harare ni. A daren farko wani tsoho da nake juyawa a gado, wanda ya yi shekara 30 a ramin kwal har huhunsa ya lalace, ya riƙe hannuna gam, numfashinsa na fita da ƙyar, ya ce in yi haƙuri, yaran nan ba su san abokin gabarsu ba. Masu gidan da muke wa aiki kuwa, saƙo ɗaya suka turo ta waya, cewa a tabbatar an zo aiki a kan lokaci.

Shi ya sa kalmar nan taka ta "jahilan talakawa" ta soke ni. A Southport magina da maƙwabta ne suka fito da sassafe da tsintsiya da siminti suka sake ɗaga katangar masallacin. Ɗakin karatun Spellow da aka ƙona a Liverpool, a ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi talauci a ƙasar, jama'a ne suka yi karo-karo har fiye da fam 250,000, aka sake buɗe shi a Disamba. A daren Larabar nan dubban mutane suka cika tituna a Walthamstow da Bristol da Brighton suka tsaya a gaban wuraren da aka ce za a ƙona. Ban ga attajiri ko ɗaya a sahun gaba ba.

Kuma mu ma mu ji tsoron Allah. Wasunmu sun zo da digiri biyu, sun samu aikin ofis, sai su riƙa kallon Baturen unguwar talakawa kamar ƙazanta, suna kuma yaɗa hotunan Musk da kalaman "sirrin nasara". Kana raina wanda aka zuga, kana yi wa wanda ya zuga shi kirari. Ranar da wuta ta zo layinku, Yayana, ba mai roka zuwa duniyar Mars ne zai tsaya a ƙofar gidanka ba.

Af, tun da na ambaci aikina: masu turo min saƙo ta akwati kuna tambayar bizar kula da tsofaffi, don Allah ku saurara. Tun 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ɗaukar sabbin ma'aikatan wannan fanni daga ƙasashen waje. Duk ejan ɗin da ya ce maka yana da takardar ɗaukar nauyi ta sayarwa, kuɗinka zai ci. A makon jiya kaɗai mutum uku suka turo min hoton takardar da aka ba su, dukkansu lamba ɗaya ce a jiki. Wanda ya riga ya biya ya adana rasit da duk saƙonnin da suka yi, ya same ni bayan ƙarfe 8 na safe in na tashi daga aiki.