Souvanna Phouma da tsadar zama ɗan ba-ruwanmu

Masu cewa Souvanna Phouma rago ne, ni dai ban yarda ba. Amma ba zan wanke shi fes ba.

Yarima ne daga Luang Prabang, birnin sarautar ƙasar Laos da ke kudu maso gabashin Asiya, ya karanta injiniyanci a Faransa, ya riƙe firaministan Laos har sau huɗu: 1951 zuwa 1954, 1956 zuwa 1958, 'yan watanni a 1960, sannan 1962 zuwa 1975. Burinsa ɗaya ne tun farko, kada ƙasarsa ta zama fagen dambe tsakanin Amurka da 'yan gurguzu. To ga abin da ke ɗaure min kai: shugaban 'yan tawayen gurguzu na Pathet Lao, Souphanouvong, ɗan ubansa ne. Uba ɗaya, uwa kowa da tasa. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san irin wannan zaman, sai dai nasu 'yan ubancin da bindigogi aka yi shi. Duk da haka a 1957 ya jawo ƙanen nasa cikin gwamnatin haɗin kai. Amurka ta ji haushi ta dakatar da tallafi, gwamnatin ta rushe a 1958. A Disambar 1960 Janar Phoumi Nosavan ya ƙwace Vientiane, babban birnin ƙasar, Souvanna ya tsere Kambodiya, ya kuma dawo. Rago ba ya dawowa.

Inda nake da ja da shi bayan 1962 ne. Ƙasashe 14 sun sa hannu a Geneva cewa Laos 'yar ba-ruwanmu ce, amma sojojin Biyetnam ta Arewa ba su fita ba, hanyar Ho Chi Minh, wadda suke bi su kai mayaƙa da makamai Biyetnam ta Kudu, tana ratsa ƙasar. Sai Souvanna ya jingina da Amurka, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun zubar da bama-bamai fiye da tan miliyan 2 a Laos, da saninsa, yana ci gaba da kiran kansa ɗan ba-ruwanmu. Har yau manoman lardin Xieng Khouang suna tono ragowarsu da fartanya, wasu su rasa hannu, wasu rai. Wannan kam ba na iya haɗiye shi.

A Disambar 1975 Pathet Lao suka karɓi mulki, aka soke sarauta, ƙanen ya zama shugaban ƙasa. Sarki Savang Vatthana ya mutu a tsare. Shi kuwa Souvanna bai gudu ba, aka ba shi muƙamin mai ba gwamnati shawara, ya zauna a Vientiane har rasuwarsa a 1984.