Wai ina mai babur zai samu hular kwano ta gaskiya a Zariya?

Duk lokacin da aka yi hatsarin babur a garin nan, magana ɗaya ake maimaitawa: ai bai sa hular kwano ba, mutanenmu taurin kai gare su. Wallahi na gaji da jin wannan magana. Mai faɗin haka ya ajiye motarsa ya zo mu zaga shagunan kayan babur na Sabon Gari, mu biyo ta Tudun Wada mu shiga cikin gari, ya nuna mini inda talaka zai sayi hular da za ta zauna masa daidai a kai, ta tsare shi ranar tsautsayi, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin aljihunsa ba. A Zariya sai ka yi da gaske kafin ka samu ko biyu daga cikin waɗannan a hula ɗaya.

Ni babur nake hawa zuwa wurin aiki, daga Ƙofar Doka in bi ta PZ in haura Kwangila in miƙi hanyar Samaru. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da ke kanta: tirela, tankar mai, 'yan bas masu tsayawa inda suka ga dama, Keke Napep mai juyawa ba sigina. Ba sai wani jami'i ya yi mini wa'azin amfanin hula ba. Da kuɗina a hannu nake nemanta, kasuwa ce ta ƙi ba ni.

Abin da ke rataye a yawancin shagunan nan roba ce zalla da aka shafa wa fenti mai ƙyalli. Ka ɗauka ka ji ba nauyi ko kaɗan. Ka matse ta da hannu biyu ka ga gefenta ya lanƙwaso ciki, bokitin wanka ma ya fi wasunsu kauri. Ka leƙa cikinta, siririn yadi ne da ɗan soso mai laushi, shi ke nan. Igiyar haɓa kuwa, wata da gam aka manna ta, wata maƙallinta ɗan guntun roba ne da in ka fizga da ƙarfi zai ɓalle a hannunka. Kana cikin dubawa mai shago zai ce, "Malam, wannan orijina ce fa, dubi tambarinta." Shi kansa bai san abin da tambarin ke nufi ba, ko kuma ya sani ya fi son kada ka sani.

Aikin hular kwano ba ya ƙarewa a hana kai fashewa. Idan mutum ya faɗo daga babur kansa ya daki kwalta, ƙoƙon kai yakan tsaya nan take, amma ƙwaƙwalwa tana ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashi daga ciki. Wannan bugun ne ke kashe mutum ko ya bar shi a kwance ba magana, alhali daga waje ba a ga jini mai yawa ba. Shi ya sa hular kirki take da farin kumfa mai tauri a cikinta, wanda ake kira EPS, kaurinsa kusan inci ɗaya. Shi ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa kai. Ɓawon waje yana baza bugun ya kuma hana abu mai tsini hudawa, igiya kuma tana riƙe hular don kada ta tashi kafin kai ya isa ƙasa. Hula mai rufe fuska gaba ɗaya, in ta gaskiya ce, nauyinta na kai wa wajen kilo ɗaya da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sa hula yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, ya rage raunin kai da kashi 69 cikin ɗari. Amma wannan lissafin na hula mai kumfa da igiya mai ƙwari ne. Robar da ake sayar mana ba ta cikin lissafin. Haka ma hular leburorin gini da wasu ke ɗorawa, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, a kan babur kuwa tana tashi tun kafin mai ita ya taɓa ƙasa.

Tambarin da ake nuna mana shi ya fi ƙona mini rai. Za ka ga an liƙa DOT a bayan hula. DOT ma'aunin Amurka ne, kuma a tsarinsu kamfani ne da kansa yake shaida cewa hularsa ta cika ƙa'ida, daga baya hukuma ta ɗauki wasu ta gwada. Can ma suna fama da masu liƙa sitika ta ƙarya, balle nan da duk mai injin buga takarda zai fitar da ita. Ma'aunin ECE na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Turai ke bi, ya fi wuyar kwaikwayo, domin sai an gwada hula kafin a ba ta lamba, kuma alamar ana ɗinke ta ne a jikin igiyar haɓa: da'ira mai harafin E da lamba a ciki, sai dogon jerin lambobi da ke farawa da 05 ko 06. Ka nemi wannan ɗinkin a hulunan da ke rataye a kasuwanninmu ka ga sau nawa za ka same shi. Indiya kuma tana da tambarin ISI, kuma tun 2021 ta haramta sayar da hular babur da ba ta da shi. Boxer ɗin da ya cika titunan Zariya na kamfanin Bajaj ne, daga Indiyar. Mun karɓi babur ɗinsu hannu bibbiyu, muka bar dokar da suka kafa don kan mai hawa, sai ya zama hular da laifi ne a sayar a can irinta ce ake zubo mana.

Sai kuma maganar girma. Ka ce da mai shago kana son wadda ta yi maka daidai, ya ce maka, "Alhaji, ai tana shiga kowa." Ta yaya hula ɗaya za ta yi wa kowa? Ko hular zanna sai an gwada lamba kafin a saya, amma abin da rai ya dogara a kai an ce ba ya buƙatar awo. Awon kuwa ba wuya, tef ɗin tela ya isa. A zagaya kai da shi, sama da gira kaɗan, ta inda kan ya fi faɗi. A yawancin kamfanoni santimita 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Bayan awo dole a sa a ji. In ka ɗaure igiya ka girgiza kai, fatar kumatu da ta goshi su motsa tare da hular. Ka kama ta daga ƙeya ka turo gaba, in ta zame ta rufe maka ido ko ta fita, ta yi maka yawa. Tsakanin igiya da haɓa kada ya wuce yatsa biyu. Sannan ka bar ta a kai na ɗan lokaci, domin wadda ta matse goshi ba ta nuna halinta nan take, sai ka kai Palladan ciwon kai ya kama ka.

To duk wannan ta yaya za ka yi shi a shagon da ake ce maka in ka buɗe leda ka saya? Na sha jin wannan da kunnena. Ba a gwadawa, ba a mayarwa, ba a canzawa. Mutum ya biya ya koma gida ya tarar tana yawo a kansa, sai ya cusa hularsa ta gida a ƙarƙashi don ta cike, wanda hakan ke ƙara sa ta zamewa. Wani kuma ta matse shi, sai ya ɗora ta a tsakar ka ba tare da ya ɗaure ba. Ranar faɗuwa dukansu biyu da kai tsirara za su daki ƙasa.

Mata kuwa ba wanda ya tuna da su. Mace mai kitso da ɗankwali da hijabi, wace hula aka kawo da ita a rai? Yara fa? Ka tsaya da safe a Gyallesu ko Kongo ka ga uba ya jero 'ya'yansa a kan babur zai kai su makaranta, ɗaya a kan tanki, sauran a baya. Ba ƙin 'ya'yansa yake yi ba, ba shi da wata hanya ne. Amma ko yana son ya saya musu, hular yaro mai inganci ba abin da zai gani a rataye ba ne.

Masu cewa zafi ne ke hana mutane sawa suna da gaskiya, kuma nan ma laifin kayan ne. A watan Maris da Afrilu, ranar Zariya ba ta wasa. Hular kirki tana da kafofin iska da suka ratsa har ciki, da yadin ciki da ake cirewa a wanke. Ta kasuwarmu an zana mata siffar kafa a waje amma a toshe take. Ɗan acaba ya wuni da ita gumi na zubo masa a ido, zuwa sati ta fara wari, fasinja ya gani ya ce shi ba zai ɗauki makero ko ƙwarƙwata a banza ba. Gilashin gaba kuma ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta karce shi. Wasu baƙi ne wuluk, da magariba ba ka ganin rami, fitilar tirela ta haske ka ka rasa inda titi yake. Ka nemi gilashin canji, babu, sai dai ka sake sabuwar hula. Shi ya sa kake ganin huluna a rataye a kan madubi ko a gwiwar hannu, sai an hango jami'ai a ɗora.

Kuɗi kuma shi ne ƙarshen tashin hankali. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma hular da ka tabbatar da ingancinta tana iya lamushe babban kaso na wannan kuɗi, wani lokaci ma duka. Ita ma sai ka yi oda daga Legas ko Abuja ta intanet, ka biya kuɗin kawowa, ba ka gwada ba. Ɗan acaba mai biyan balas kullum, mai sayen mai da tsada, mai iyali a gida, ina zai fara? Tsakanin robar banza da mai tsadar gaske babu komai, kuma a wannan tsakiyar ne yawancinmu muke. Wasu sukan koma gwanjo. Kumfan cikin hula sau ɗaya yake aiki, in ya taɓa shan bugu mai ƙarfi ya murƙushe ba ya komawa, ko da waje na ƙyalli. Masu ƙera ta ma suna cewa a canza bayan kamar shekara 5. Wa zai gaya maka tarihin hular gwanjo?

Mai shago zai ce maka da babu gara ba daɗi. Ban yarda ba. Ya karɓi kuɗin mutum ya ba shi abin da zai sa ya ɗauka kansa a tsare yake, ya ƙara wuta a kan titi, alhali a buɗe yake. Wannan ha'inci ne, kuma ha'inci a kan rai. Ku ji tsoron Allah, 'yan kasuwa. In ka san abin da kake sayarwa na guje wa kamu ne kawai, faɗa wa mai saye haka, ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, duniya ta yi ta dariyar 'yan acaban da suka kifa ƙwarya da robar fenti a kai. Ba a tsaya an tambayi me ya kai su ga haka ba: an ce dole a sa, ba a tanadi abin da za a sa ba, farashi ya tashi a kasuwa. Har yau ba mu bar wurin ba. A bakin titi ana tare wanda kansa ke buɗe a ci shi tara, wanda ya ɗora roba ba ɗauri ya wuce ana kallo. Talaka mai babur shi ake bi da gudu, wanda ya shigo da kwantena cike da jabu yana zaune lafiya. Akwai hukumar SON da doka ta ɗora wa kula da ingancin kaya. Abin da muke nema a shiga kasuwa a ɗauki hulunan nan a gwada, a fito a faɗa mana wace ce ta ci wace ce ta faɗi, a tare jabun tun daga tashar jiragen ruwa. Gwajin ba tsafi ba ne, ana sa hular a kan mutum-mutumin kai mai na'ura a sako ta daga sama a auna bugun. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da injiniyoyinta, da cibiyar fasahar sufuri ta NITT a hanyar Basawa, da asibitin koyarwa a Shika inda ake kwasar masu raunin kai, bai kamata a ce mai babur ba shi da inda zai tambayi ingancin hula ba. A Kigali ta ƙasar Ruwanda kowane ɗan acaba da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, kuma su ma ba masu kuɗi ba ne.

Ƙungiyoyin 'yan acaba kuma, kullum kuna yankar tikiti a hannun yaran nan. Ku auna kan mambobinku da tef, ku haɗa kuɗi ku yi odar hula mai ɗinkin ECE ko tambarin ISI na gaske a sari, M da L da XL, da gilashin canji, kowa ya riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi. Mu da ba 'yan ƙungiya ba ma za mu zo mu saya a hannunku, in dai za a bar mu mu buɗe leda mu gwada.