Gidajenmu daga gindi suke faɗuwa

Duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa garuruwan Yaguwa da Maga da Kusiri na arewacin Kamaru a daminar 2024 ya san cewa yawancin gidajen da suka rushe ba igiyar ruwa ce ta kwashe su ba. Ruwan ya shigo ne sannu a hankali, ya kwanta a gindin katanga kwana da kwanaki. Tubalin ƙasa ya sha ya ƙoshi, ya koma laka, nauyin sama ya danne shi, sai bango ya durƙusa. Kwanon rufi kuwa sau da yawa ana tsintarsa lafiya lau a kan tarin ƙasa. A Yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru mutane fiye da 400,000 ambaliyar ta shafa, gidaje fiye da 50,000 suka lalace. A ƙetaren kogi, a Chadi, abin ya taɓa kusan mutum miliyan 2, sama da 500 suka rasu. Shekara biyu kafin nan, a 2022, unguwar Waliya a Njamena cikin kwalekwale ake shiga.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke sake gini bayan ruwa ya janye. Mutum zai koma filinsa na da, ya kwaɓa ƙasar tsohon bangonsa, ya ɗora tubali daga doron ƙasa ba tare da ya tona harsashi ba. In ya sami ɗan kuɗi, kwano sabo zai saya da ƙofar ƙarfe, domin su ne ido ke gani. Gindin ɗakin, wanda shi ne zai yi kokawa da ruwa, ba a kashe masa ko buhun siminti guda.

Za a ce talauci ne, kuma ban musa ba. Simintin da ake yi a garin Figil kafin ya iso Kusiri kuɗin mota ya hau kansa, manomin shinkafa ba zai iya gina gida gaba ɗaya da bulo ba. Amma ai ba a ce ya yi haka ba. Gidan ƙasa ya fi dacewa da zafin watan Afrilu a wannan yanki nesa ba kusa ba. Abin da yake bukata shi ne ƙafa mai ƙarfi: a tona harsashi, a cika shi da dutse inda akwai dutse kamar Marwa, ko jan bulo da aka gasa a yankin kogin Lagon inda dutse ke wuya, a ɗaga shi ya wuce shaidar da ruwan bara ya bari a jikin bango, sannan a ci gaba da tubali. A ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu. A bar bakin kwano ya zarce bango sosai, don kada ruwan sama ya riƙa zuba a gindinsa. Sahu huɗu ko biyar na jan bulo a ƙasa sun fi fenti da tayil amfani. Tun ran gini ran zane.

Kada masu gidan bulo su ɗauka sun tsira. Je ka wurin masu buga bulo ka ɗauki guda ka murza gefensa da yatsa, za ka ga yashi na zuba. Buhu ɗaya ake shimfiɗa wa yashin da ya fi ƙarfinsa, a buga, a shanya a rana, ba a ba shi ruwa na kwanakin da zai ƙanƙame. Maigida ma da nasa laifin, shi ke cewa, "Malam birkila, a rage rodi, a lallaɓa kawai." Birkila kuma ba ya son aiki ya kuɓuce masa, sai ya ce to. Ga ƙasarmu ta karal, baƙar lakar da ake dasa masakwa (dawar rani), wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina. Ginin da aka ɗora mata ba tare da kankare ya ɗaure shi ƙasa da sama ba, shekara kaɗan zai fara tsaguwa, ruwa ya sami hanyar shiga.

Kakannin mutanen wannan kwari sun san halin kogunan Lagon da Shari. 'Yan ƙabilar Kotoko sun kafa garuruwansu irin su Gulfe da Lagon Birni a kan tuddai. Magina na Hausa suna yaɓe da makuba, kuma kowace shekara kafin ruwan fari ana sabunta yaɓen, a gyara indararo. Yau fili da rani ake sayensa, lokacin da fadama da tudu duk kamanninsu ɗaya. Mai sayarwa ya san inda ruwa ke kwana, jauro, wato mai unguwa, ya sani, ofishin magajin gari ma ya sani, amma kowa ya yi shiru har a sa hannu. Wannan zalunci ne, ko da takarda ta halatta shi.

Gwamnatin Kamaru ta yi wani abu. Bayan ambaliyar 2012, da kuɗin Bankin Duniya aka gyara madatsar Maga da wani sashe na shingen bakin Lagon. Sai dai shinge yana kare gari ne har ranar da ya ɓalle, daga nan kowane gida da ƙafarsa zai tsaya. Agajin da ke zuwa kuma shinkafa ne da tabarma da tanti, waɗanda ake bukata a makon farko. Ina son in ga an haɗa da siminti da jan bulo na harsashi kaɗai, a ba wanda ya yarda ya ɗaga gindin ɗakinsa. Ina kuma son Hukumar MIPROMALO, wadda aka kafa don bunƙasa amfani da kayan gini na cikin ƙasa, ta fito daga Yawunde ta horar da maginan unguwa a Yaguwa da Kusiri. Kowace ƙaramar hukuma kuma ta kafa ginshiƙai a unguwanni da alamar inda ruwan 2022 da na 2024 ya kai, yadda mai sayen fili a watan Maris zai gani da idonsa kafin ya ƙirga kuɗinsa.