Inshorar mota: me ya sa wanda aka buge ne ke kwana da asara?

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara tare motoci suna neman takardar inshora, kowa ya ruga ya yanka. Naira 15,000 ce ga motar gida, tun da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga ta daga 5,000 a farkon 2023, aka kuma ce in ka lalata dukiyar wani, kamfanin inshora zai biya har miliyan 3. Ban ƙi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙananan rubutun da ke bayan takardar.

Yayana malamin makaranta ne, kullum yana tsakanin Kano da Wudil. Tun da aka cire tallafin mai ya koma ɗaukar mutum biyu ko uku a hanya, su taimaka masa da kuɗin mai. Wata safiya taya ta fashe, mota ta ƙwace masa, ta yi ciki da teburin wani mai shayi. Tukunyar ruwan zafi, kiret ɗin ƙwai, gwangwanayen madara, duk suka tarwatse. Yaron da ke wanke masa kofuna ya karye a ƙafa.

Ni na raka Yaya ofishin kamfanin. Ma'aikacin ya juya takardar, ya ɗora bakin biro kan wani layi na Turanci da sai ka ƙanƙance ido kake iya karantawa. Wai an yi wa motar inshora ne don hidimar gida, ban da ɗaukar fasinja don kuɗi. "Malam, sai dai haƙuri." Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mai shayin ba fasinja ba ne." Mutumin ya rufe fayil.

To, ina ruwan kuɗin fasinja da fashewar taya? Dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta tanadi cewa kamfani ba zai fake da saɓa wani sharaɗi ya ƙi biya ba, sai in sharaɗin ya shafi haɗarin ko asarar da aka yi. Amma akwai kafar zillewa: maimakon a rubuta abin a matsayin sharaɗi, sai a rubuta cewa tun farko inshorar ba ta kai nan ba. Shi ke nan, an kewaye doka ta bayan gida.

Na yarda Yaya yana da laifi, kamata ya yi ya faɗa musu yadda yake amfani da motar, ya biya abin da ya dace. Su bi shi su ƙwaci haƙƙinsu. Amma wannan inshorar ba don mai mota gwamnati ta tilasta ta ba, don wanda za a buge ne, mutumin da bai taɓa ganin takardar ba balle ya sa hannu. A Ingila dokar hanya ta 1988 ta hana kamfani kafa hujja da shekarun direba, ko lafiyar mota, ko yawan mutanen da ta ɗauka, don ya hana wanda aka raunata diyya. Ya biya tukuna, daga baya ya nemi mai motar.

Tunda Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar inshora a 2025, ina roƙon NAICOM ta tsaya kan wannan: a sallami wanda aka yi wa ɓarna kafin a shiga gardamar sharuɗɗa. Duk abin da inshora ba ta ɗauka kuma a fito da shi shafin farko da manyan haruffa, da Hausa ga mai jin Hausa. Wanda ya yanka wa Yaya takardar ko kalma ɗaya bai karanta masa ba, kuɗi ya karɓa ya miƙo rasit.

Mu dai karo-karo muka yi a gida, muka sayi sabon tebur da tukunya, muka biya mai ɗori. Yaron har yanzu yana ɗingishi.