Babbar tukunyar itace ba ita ce ɗumin gida ba

A ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da Jamus, ana yawan cewa gara a sayi babbar tukunyar itace, wato na'urar da ke ƙona itace ta zafafa ruwan ɗumama gida, kada hunturu ya shammaci mutum. Tsoron sanyi gaskiya ne, amma maganar ta daɗe tana damuna.

Wajen zaɓar girman tukunya, zafin da gida ke zubarwa a ranar da ta fi sanyi ake aunawa. A ce kilowat 15 ne, aka kafa tukunya mai kilowat 40, babu tankin ajiye ruwan zafi da zai ɗauke rarar zafin. Wutar itace ba ta mutuwa nan take kamar ta gas. Gida na yin ɗumi, tukunyar za ta rage iska, wutar ta turnuƙe, itacen ya tafi a hayaƙi, baƙin kwalta ya taru a bututun hayaƙi har ya iya kamawa da wuta.