Maharbinmu da yatsa yake auna albarushi, na Afirka ta Kudu da sikeli

Duk wanda ya tashi kusa da maharba ya san yadda ake ɗura adaka, wato bindigar gargajiya: a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a daddanna da sanda, a bi da dalma. Yawan ɗurin kuwa da yatsu ake gane shi, gwargwadon yadda sandar ta leƙo.

A nan Afirka ta Kudu, inda nake zaune, masu farautar ɓauna da yawa su ma da hannunsu suke haɗa harsashi. Na kanti tsada gare shi, balle na manyan bindigogi irin .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912, ko .416 Rigby ta 1911. Sai mutum ya tsince kwanson da ya harba, ya wanke, ya maido shi siffarsa da matsi, ya sake cikawa.

Wani maƙwabcina yana da ɗan ɗaki da ya ware wa wannan aiki. Sikelinsa na gane bambancin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Yana da littafin masu yin albarushin, wanda ya faɗi iyakar da ba a ƙetarewa, ga kuma nasa na rubutun hannu: ranar ɗuri, nauyi, inda harsashin ya sauka. Idan kwanso ya fito da 'yar tsaga a wuya, shara ya nufa, ba musu. Ya ce ɓauna da aka ji wa rauni ba ta ba ka damar gyara kuskure.

Ba na yarda da masu cewa maharban Afirka ta Kudu sun fi mu iya farauta. Maharbin da ke bin sawu a dazukan Adamawa, ya matsa kusa da dabba da harbi ɗaya tak a hannu, ya fi su sanin daji. Gwaji ne babu a wajenmu. A Ingila, tun 1813 birnin Bamingham ke da gidan da ake gwada ƙarfin bututun bindiga kafin a sayar. Mu kuwa maƙeri ya ƙera da bututun famfo, kafaɗar mai ita ce wurin gwaji. Wani ma ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa cikin adaka, alhali ƙarfinsa ya fi abin da bututun zai ɗauka. Haka yatsu da idanu ke salwanta, a ce tsautsayi ne.

Abin yana ci mini rai, domin maharbanmu ake nema idan 'yan bindiga sun addabi gari. Tunda dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta san da lasisin adaka, ƙungiyoyin maharba da sarakunan baka za su iya zama da hukuma a samar da wurin gwada bututu a kowace jiha, a kuma tsayar da mudun albarushi na ƙarfe da kowane maharbi zai rataya a jakarsa.