Kujerar tsere da ƙugun da ba na tsere ba

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To ni dai nawa idon bai san kimar ƙuguna ba. Da shi na auna kaina a madubi, na yanke hukuncin cewa matsakaiciyar kujera ce daidai da ni, na sa aka kawo mini kujerun tsere guda biyu na faiba, irin waɗanda bayansu ba ya kwanciya, don in ɗaura wa motata mai ƙofa biyu wadda nake hawa kullum.

Ba son burga ne kaɗai ya ja ni ba, ko da yake akwai shi. Kujerar da ta zo da motar faffaɗa ce, in na sha kwana da ɗan gudu sai in ji ina zamewa, gwiwa ta tokare ƙofa, hannu ya riƙe sitiyari don kada in faɗi maimakon don tuƙi. Ita kuwa ta tsere an ƙera ta da tudu a gefen cinya da haƙarƙari da kafaɗa, ta rungume mutum ya zauna daram. Ga kuma nauyi. Kujera mai lantarki takan haura kilo 20, ta faiba kuwa kilo 7 zuwa 9 ce. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙarafan da za a ɗaura ta a kai, waɗanda su ma sukan cinye kilo biyar ko fiye daga ribar.

Da suka iso na ajiye ɗaya a ƙasa na zauna. Wato na yi niyyar zama. Ƙuguna ya tsaya a kan tudun gefe kamar murfin da ya fi tukunya girma. Na danna, na murɗa, na shige da ƙyar, sai ƙanena da ya zo taya ni aiki ya tsaya yana kallona.

"Yaya, ka shiga ne ko ka maƙale?"

Sai da ya taka gindin kujerar da ƙafa ya ja ni da hannu biyu.

Awon da ya kamata in yi tun farko bai fi na minti biyu ba. Ka zauna a kan benci, a tsayar da littafi mai kauri a kowane gefen ƙugunka, a auna tsakaninsu da tef. Nawa ya ba da santimita 40, cikin kujerar kuwa 36. Sannan a auna daga bencin zuwa saman kafaɗa, domin ramuka biyun nan na bayan kujera, inda igiyoyin ɗamarar tsere ke bi, ya kamata su zo daidai da kafaɗa ko su ɗan ɗara ta, kada su faɗo ƙasa da ita. Masu ƙera kujerun nan irin su Recaro, Sparco, OMP da Bride duk suna fitar da zanen kowace kujera da awonta. Na ga zanen. Launin kujerar na tsaya kallo. Da na duba da kyau ma sai na gode wa Allah da ban ɗauki mai fukafukai a gefen kai ba, don waccan ta filin tsere ce, a mahaɗar titi takan tare wa direba ganin gefe. Tambarin FIA, wato hukumar tseren motoci ta duniya, da ke jikin tawa na tsarin 8855-1999 ne, wanda ake yarda da shi a gasa tsawon shekara biyar daga ranar ƙira. A titi ba wanda zai tambaye ka kwanan watan, amma tambarin shi ne shaidar cewa an gwada irinta da bugu.

Na mayar da ɗaya aka kawo mini babba, na bar ƙaramar don ɓangaren fasinja. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Cire tsohuwar kujera noti huɗu ne kawai, kuma na san ƙa'ida: a cire kan batir na baƙar waya kafin a taɓa wayoyin ƙarƙashin kujera, a jira minti goma zuwa sha biyar, domin na'urar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum a karo, tana riƙe da ɗan caji bayan an yanke wuta. Na cire, na jira, ina jin kaina gwani. Na kwance notin gaba biyu. Na leƙa baya, sai na tarar kujerar tana zaune a kan sauran biyun, kuma kujera ce mai lantarki, ba ta motsi sai da batir. Tsarin da ya dace shi ne a tura ta gaba a kwance na baya, a dawo da ita baya a kwance na gaba, a tsayar da ita a tsakiya, a zare makulli, a cire batir, a jira, sannan a kwantar da ita baya a ciro fulogan. Haka na mayar da batir na sake jiran wani minti sha biyar ɗin, ƙanena yana duba agogo da gangan.

Fulogi huɗu na tarar. Na injin da ke motsa kujera, na ɗumama mazauni, na makunnin da ke gaya wa mota an ɗaura bel, sai mai ruwan ɗorawa, wanda shi ne na jakar iskar da ke cikin gefen kujera. A wasu motocin akwai na biyar, na abin da ke fizge bel ya ɗaure mutum a lokacin karo. Shi ma da ɗan abin fashewa yake aiki, don haka ana lallaɓa shi kamar jakar iskar.

Muna cikin aiki zafi ya dame ni. Na tuna gilasan a rufe suke. Na tashi da kaina, ba wanda ya aike ni, na mayar da kan batir na murɗa makulli don in sauke gilas. Gilas ya sauka. Jan hoton mutum da ƙwallo a gabansa, wato fitilar gargaɗin jakar iska, kuma ya kama a dashbod ya ƙi mutuwa. Da zarar an kunna mota, kwamfutarta tana duba kowace jakar iska. Ta nemi ta kujera ta rasa, ta rubuta laifi. A motoci da yawa ko ka mayar da fulogin fitilar ba za ta mutu ba sai an jona na'urar bincike an goge.

Rewayan da ya goge mini shi ya sa 'yar resista, wato ƙaramin abin da ke rage gudun wuta, a bakin fulogin. Yawanci tsakanin om 2 da 3.3 take, gwargwadon motar, kuma ba a ƙiyasta ta da ka, a littafin gyaran motar ake dubawa. Ya ga ina wasa da mitar auna wuta a kusa da tsohuwar kujerar, ya fizge.

"Yallaɓai, kada ka kuskura ka ɗora mita a kan wayar jakar nan. Mita wuta take turawa."

Ita resistar ƙarya take yi wa kwamfuta, ta ce jakar iska na nan, don sauran jakunkunan su ci gaba da aiki. Amma ta gefen kujera ta tafi ke nan, kuma duk wanda zai yi wannan aiki ya san ya sayar da kariya ɗaya ya sayi riƙo. Dokar ƙasashe ta bambanta a kan haka, kamfanin inshora kuma yana da haƙƙin a sanar da shi. A ɓangaren fasinja akwai ƙarin matsala, domin motoci da dama suna da abin auna nauyi a cikin mazauni, in aka jefar da shi jakar iskar gaban fasinja tana iya zama a kashe.

Sai ɗauri. Kujerar tsere hawa huɗu ce. Akwai ƙarfen gindi da ke kama ramukan ƙasan mota, a kansa reli biyu na turawa gaba da baya, a kansu ƙarafan gefe masu jerin ramuka, sannan ita kujerar. Na fara da ƙarfen gindin da aka rubuta wa "mai shiga kowace mota". Kowace mota, ban da tawa. Ƙasan mota ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ƙafa ɗaya a kan tudu, ɗaya a karkace, rami uku suka dace na huɗu ya kauce da kaurin yatsa. Zuciya ta ce in huda sabon rami in cike giɓin da washa biyar. Ramukan asali suna da ƙarfe mai kauri a ƙarƙashinsu, wurin da zan huda kuwa falle ɗaya ne, a karo noti zai yage shi ya fito. Araha dai ba ta ado. Na sayi wanda aka ƙera don irin motata, na ɗaura shi tsaf, sannan na lura kunnen da ake ɗaura makullin bel yana kallon ƙofa. Na fasinja na sa a wurin direba.

Da na gyara na ɗora babbar kujerar, na rufe ƙofa, ƙofa ta dawo mini. Kafaɗar kujerar ta tokare ta. Ta farko ta shiga mota ban shige ta ba, ta biyu na shige ta ita ba ta shiga mota ba. Awo biyu na tsallake: daga tudun giya zuwa bakin ƙofa a ƙasa, da kuma daga tsakiyar sitiyari zuwa jikin ƙofa a daidai kafaɗa. Abin da ya cece ni shi ne ramukan ƙafafun ƙarafan gefen dogaye ne, na matsar da kujerar ciki da milimita 15. Ƙofa ta rufu, birkin hannu yana gogar gefen kujera kaɗan, tsakiyar ƙirjina ya kauce wa tsakiyar sitiyari da ɗan abin da jiki ke jurewa. In ya wuce haka, tafiyar awa ɗaya za ta gaya wa bayanka.

Na zauna, kaina ya gaisa da rufi. Kowane hawa yana ƙara tsawo, reli kaɗai kusan santimita uku ne. Na sauke notin baya zuwa ramin ƙarshe na ƙasa, na gaba na bar shi rami ɗaya sama. Da bambancin ramukan nan ake samun kishingiɗa a kujerar da bayanta ba ya motsi. Na gwada ɗaga gaban rami biyu, sai bakin kujerar ya danne ƙasan cinyata duk sa'ad da na taka kuloci. Zaman da ya yi daidai shi ne ka take kuloci har ƙasa gwiwa tana ɗan lanƙwashe, kuma wuyan hannunka ya kai saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba.

Notin gefe huɗu ne, M8, wato masu kaurin milimita 8, masu lambar ƙarfi 8.8 a ka ko sama da haka. A fara murɗa dukansu da hannu kafin a ɗauko sifana, sannan a ɗaure wajen Nm 25 a awon ƙarfin ɗauri ko abin da takardar kujerar ta faɗa, da sifana mai awo. Ni na sa wani da ya fi sauran tsawo da santimita ɗaya, ya wuce mazauninsa ya shiga soso, kwana biyu ina zargin ciwon kwankwaso. Na ƙasan mota a mayar da na asali, a ɗaure yadda littafin motar ya ce. Notin bel kuwa nasa zaren daban ne, yawanci 7/16 na inci ko da duk sauran motar da milimita aka auna ta, don haka kada a tilasta masa M10 ko M12.

Gwajin farko a bakin get na yi shi, da gudun da bai fi na mai tafiya a ƙasa ba. Na taka birki, mota ta tsaya, kujera ba ta tsaya ba. Ta kwaso ni da ladabi ta miƙa wa sitiyari, ƙirjina ya danna hon. Maƙwabci ya leƙo ta kan katanga.

"Malam, lafiya dai?"

"Lafiya lau, hon nake gwadawa."

Relin hagu ya riga na dama da haƙori biyu tun lokacin ɗauri, don haka haƙoran kullewa ba su faɗa ramukansu ba. Na sassauta komai, na tura relin biyu har ƙarshen baya don su daidaita, na auna tazararsu a gaba da baya ta zo ɗaya, na ɗaure a hankali ina zagayawa. Yanzu duk sa'ad da na matsar da kujera sai na ji ƙas biyu, na kuma jijjiga ta da ƙarfi kafin in tada mota.

Bel ma sai da ya ba ni nasa darasin. Na ɗaura shi ta saman tudun gefe, ya tsallake ni kamar gada, hannuna yana wucewa tsakaninsa da marata. Dole ya bi ta ramukan gefen kujera ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, makullinsa kuma ya tsaya inda ba zai tokari faiba ba. Ƙanena ya ce mu sa ɗamarar tsere mai igiya huɗu mu ɗaure ta a ƙasa bayan kujera. Na ƙi, kuma a nan kaɗai na yi daidai tun karon farko. Igiyar kafaɗa ana so ta tafi baya a miƙe, ko ta sauka da abin da bai wuce digiri 20 ba. In ta gangara ƙasa sosai, a karo za ta danne ƙashin baya. Mai igiya huɗu kuma mutum yana iya zamewa ta ƙarƙashinta, abin da ya sa ake ƙara ta biyar da ta shida tsakanin cinyoyi. Ga shi motar ba ta da kejin ƙarfe mai tare rufi, in ta kife ɗamara za ta riƙe mutum a miƙe rufi yana saukowa. Bel ɗin asali na bari.

Mako guda ina jin daɗin kwana, ina koyon fita ta hanyar dafa bakin ƙofa in ɗaga jiki sama kafin in juya. Kujerar baya kuwa ta zama abin kallo ta gilas, tunda ba wadda ke kwanciya a ba da hanya. Sai Kawu ya ce in rage masa hanya. Na buɗe masa ƙofar fasinja, na manta wace kujera ce a can. Ya zauna da ƙarfinsa, ya shige.

"Kai yaro, wannan kujera ce ko tarko?"

"Kawu, riƙo ne da ita."

"Na ji riƙon."

Mu uku muka fito da shi, takalminsa ɗaya ya rage a ciki. A yammacin ranar na ɗauko tsohuwar kujerar fasinja na mayar da ita, ina aiki da sauri kamar wanda ya ƙware. Na ɗaure noti huɗu, na murɗa makulli, jan hoton mutum da ƙwallo ya kama. Fulogi mai ruwan ɗorawa yana kwance a kan kafet yana kallona.

Rewaya ya ɗago kai daga cikin wata mota ya gan ni a tsaye.

"Yallaɓai, kai ne kuma?"